Ɗigon da Ya Ƙi Nutsewa

Ƙarfe huɗu na yamma, amma a Imatra dare ya riga ya yi.
Na kakkaɓe ƙanƙara daga takalmana,
na kunna hasumiyar ƙarfe,
na tsaya ina jin ta tana gyaran murya.

Ga abin da za mu busar a bokiti,
fari fat, mai kauri kamar ƙullu.
Pihla ta ce cikin kashi ɗari, biyu kacal ne itace,
saura duk ruwa.
Ruwa ake biya wa kuɗin mota, in ji ta,
ruwa ke cinye ribar.

Ka tsaga gashin kanka gida dubu,
ka ɗauki ɗaya, har yanzu ya fi zaren nan kauri.
Ni ban taɓa ganin sa da idona ba.
Shekara talatin da ɗaya na yi a masana'antar takarda,
na san itace da hannu, na san shi da hanci,
sai da furfura ta cika mini gemu
wata yarinya ta nuna mini shi a allon kwamfuta
kamar saƙar gizo bayan ruwan sama.

In ka shanya shi a faranti, ka yi asara.
Ruwa na fita, zare ya rungumi zare,
ya ƙanƙame, ya zama ƙaho,
ko ka kwana kana jiƙa shi ba zai saki ɗan'uwansa ba.
Don haka ba ma ba su lokacin yin sallama.
Famfo ya tura, bakin allura ya fesa,
hazo ya faɗa cikin iska mai digiri ɗari da saba'in,
kafin ka ƙifta ido
kowane ɗigo ya mutu shi kaɗai a sama,
gari ya gangaro cikin kwalba, shiru,
irin saukar da ake yi a waje tun safe.

Mahaifina Jalmari gungume yake kora a tafkin Saimaa.
Da sanda mai ƙugiya yake tsalle daga wannan zuwa wancan,
safarsa ba ta bushe ba daga Mayu har Satumba.
Ya kan ce itace da ruwa ba a shiga tsakaninsu.
To, Baba, ga ni na shiga.

Don aikin bai ƙare a bushewa ba.
Roba ba ta son mai son ruwa,
in an cuɗa su sai garin ya dunƙule gefe guda kamar baƙo a gidan biki.
Sai Pihla ta auna silen da ɗan bututu,
tana cije leɓe,
ta ɗinka wa kowane ƙwaro na gari riga
wadda ido ba ya gani,
rigar da za ta sa ya manta uwarsa.

Sau shida muna kuskure.
Na bakwai ya toshe bakin allura, na kwana ina sakace.

Yau na tara.
Ta danne garin ya zama ɗan faifai kamar maɓalli,
ta ɗiga masa ruwa, ɗigo ɗaya.
Jiya da tuni ya shanye.
Yau ya tsaya,
kumburarre, yana rawa kaɗan, fitilar rufi na cikinsa.
Muka ƙirga har sittin. Bai nutse ba.

Ta yi ihu, ta ɗauki hoto, ta ruga kiran malaminta.

Ni na zauna a kan kujerar da ƙafarta ɗaya ta gajarta,
ina kallon su biyun,
itacen da ya sha tafki shekara tamanin
da ruwan da ya zo ƙofarsa bai gane shi ba.
Kofina ya huce.
Na sa ɗan yatsa na share ɗigon,
na shafa a wando,
na tashi wanke famfo.